Ogre, Sethrak ko Amani: idan an buɗe su a World of Warcraft wace sana'a za a ba su?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Idan kun ji ƙarar janareto a baya ku yi haƙuri, a shagon cajin waya nake ɗaukar muryar nan, don a gida batir ya mutu tun la'asar. Musu muka yi jiya da abokina mai shagon a kan sana'ar da za a ba sababbin ƙabilu a World of Warcraft, har aka kira isha'i ba mu gama ba, shi ya sa na ce bari in kawo muku.

Wanda bai san wasan ba, World of Warcraft na kamfanin Blizzard ne, ya fito tun 2004, a kwamfuta ake buga shi ta intanet. Kafin ka fara sai ka zaɓi abu biyu, ƙabilar da za ka fito daga cikinta, da kuma sana'ar yaƙinka, ko Warrior mai takobi da garkuwa, ko Hunter maharbi, ko Mage mai jifa da wuta da ƙanƙara, haka dai har guda 13. To ba kowace ƙabila ake bari ta yi kowace sana'a ba, kuma wallahi wannan mu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A garinmu gidan maƙera daban, gidan wanzamai daban, rundawa daban, in ɗan wanzami ya tashi ya kama ƙira sai a ce shigege ne, ba gado ya yi ba. Haka Blizzard suka fara, sana'a gado ce. Ƙabilun wasan ɓangare biyu ne masu gaba da juna, Alliance da Horde, to Paladin mai sulke da ƙarfin haske na ɓangaren Alliance kawai, Shaman mai aiki da walƙiya da ruwa na Horde kawai, sai a 2007 da aka kawo Draenei da Blood Elf aka yi musaya, Draenei na Alliance suka samu Shaman, Blood Elf na Horde suka samu Paladin.

Daga nan shigege ya fara yawa. A 2010 aka ce Tauren, mutanen nan masu kan bajimi kamar an kwaso su daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, su ma za su iya zama Paladin, aka ƙago musu labari cewa rana suke bi. A 2022 aka buɗe Mage da Priest mai warkarwa da Rogue mai sanɗa ga kusan kowa, a 2023 Warlock ma aka sake shi. Har Dracthyr da suka zo da Evoker kaɗai, a 2024 an ƙara musu wasu sana'o'in. Kaga kenan duk wata sabuwar ƙabila da za a kawo, Warrior, Hunter, Mage, Priest, Rogue, Warlock da Monk kamar a aljihu suke, ba abin musu ba ne. Inda rigimar take shi ne Druid, Paladin, Shaman, sai su Death Knight da Demon Hunter.

Kuma a nan ne muka rabu da abokina. Shi yana cewa labarin ƙabila ne ke yanke hukunci, ni kuma na ce labari yana da nasa, amma aikin zane ya fi shi ƙarfi. Dubi Druid mana. Druid rikiɗa yake, ya zama dabba mai kama da damisa, ya zama beyar, ya zama tsuntsu, ya shiga ruwa, kuma kowace ƙabila sai an zana mata nata kalar daban. Zandalari da aka kawo a 2019 nasu dabbobin zamanin da ne masu kama da ƙaton ƙadangare, na Kul Tiran kuma kamar an saƙa su da ƙirare da ƙashi. Wannan aiki ne ba kaɗan ba, kuɗi ne. Shi ya sa Earthen, mutanen dutse da suka zo a 2024, aka ba su Paladin da Shaman amma ba Druid. Haranir kuwa da aka sanar a 2025, su da dama cikin saiwar bishiya suke rayuwa, ba yadda za a yi a hana su, aka ba su.

To mu zo kan hasashe, kuma ku riƙe cewa hasashena ne, ba wanda ya ce za a kawo waɗannan.

Amani su na fi sa rai. Troll ne na daji, garinsu Zul'Aman wanda aka fara shiga yaƙi a cikinsa tun 2007 lokacin shugabansu Zul'jin. Dodanninsu huɗu duk dabbobi ne, Nalorakk beyar, Akil'zon gaggafa, Halazzi kyanwar daji, sai Jan'alai mai fuka-fukai da wuta. Kai jama'a, wannan ai an riga an dafa, ci kawai ya rage. Beyar na tare duka, kyanwa na farauta, gaggafa na tashi sama, siffofin Druid ne cif. Ga shi sauran Troll biyu da ake bugawa duk suna da Druid da Shaman, to ɗan gado ne ta uwa ta uba. Paladin ne ban yarda ba. Zandalari sun samu saboda suna da dakarun fada masu bin dodonsu Rezan, Amani kuwa mutanen kwanton ɓauna ne da jifan gatari, sulke mai ƙyalli bai kama jikinsu ba ko kaɗan.

Sethrak, mutanen maciji da ke hamadar Vol'dun, mun gan su a 2018. Su walƙiya ce abinsu, uwar gijiyarsu Sethraliss ma da tsawa aka san ta, don haka Shaman ba tambaya. Matsalarsu wuya. Dogon wuya da faffaɗan kai irin na kumurci, to duk hular kwano da ke cikin wasan nan tun 2004 sai an gyara ta ta zauna a kan nan. Lokacin da mutane ke roƙon su, Vulpera maƙwabtansu ƙanana masu kama da yanyawa aka bayar a farkon 2020, ni a ganina don jikinsu ya yi kusa da na Goblin ne, ɗinki ya zo da sauƙi.

Tuskarr kam masunta ne, in ka gan su da ƙugiya da tukunyar miya a Iskaara sai ka tuna mutanenmu na Haɗeja. A ba su Shaman da Hunter a wuce, ban ga abin ja ba.

Yanzu Ogre, ƙattan nan na Warcraft, wanda shi ne asalin musun. Mutane sun daɗe suna kuka a kansu, kuma suna da hujja, don dangin Stonemaul sun shiga Horde tun zamanin Rexxar a Warcraft III, 2003 kenan, kafin ma wannan wasan ya fito. Kar ka gan su ƙattai ka ce dolaye ne, masu kai biyu a cikinsu matsafa ne na gaske, Cho'gall yana nan, kuma a 2014 mun shiga Highmaul mun ga daularsu da sarkinsu Mar'gok wanda shi kansa da sihiri yake faɗa. Saboda haka Warrior, Mage, Warlock, Shaman duk gado ne. Druid babu, ko a labari ko a aljihun kamfani. Death Knight ma zai yi wuya a ranar farko, Earthen ba su samu ba, sauran ƙabilun ƙawance irin su Zandalari da Kul Tiran ma sai a 2020 aka buɗe musu. Demon Hunter kuwa tun 2016 a hannun dangin Elf yake, har Void Elf da aka sanar da ƙara su a 2025 ma Elf ne, to Ogre ya manta kawai.

Sai Rogue. Abokina ya rantse ba za a taɓa ba Ogre Rogue ba, wai ta yaya ƙato kamar rumbu zai yi sanɗa ya ɓace a bayan mutum ba a ji shi ba. Na ce malam Tauren fa, da kofato da ƙaho, tun 2022 yake sanɗa, ba wanda ya ce uffan. In bajimi ya iya laɓewa, rumbu ma zai iya. Abin da zai ba su wahala girman jiki ne, ƙofofin cikin wasan da dabbobin hawa, dole a rage musu tsawo, da kuma tambayar ko za a bar ka ka zaɓi kai biyu, in an bari hula ɗaya za ka sa ko biyu.

Mun tsaya a kan cewa ranar da aka kawo Ogre, in akwai Rogue zai yi min cajin waya kyauta wata guda, in babu ni zan saya masa tsire ranar kasuwa. Yana nan gefe yana girgiza kai, wai in fara tara kuɗin naman tun yanzu.