Tattaki da Iyali a Gaɓar Tekun Badagry

Assalamu alaikum, masu kallonmu na Katsina da Daura da kewaye. Shirinmu na yau bayani ne a kan wani tattaki da magidanci zai iya yi da iyalinsa cikin yini guda a garin Badagry na Jihar Legas, wanda ke farawa daga titin bakin ruwa na cikin gari, ya ƙare a kan rairayin Tekun Atilantika. Daga Katsina zuwa can ya haura kilomita 1,000 a mota, saboda haka ba tafiya ce da za a tashi takanas dominta ba, amma duk wanda hidima ko zumunci ya kai shi Legas tare da yara, ya kamata ya ware mata yini ɗaya.

Badagry tana yamma da birnin Legas, dab da iyakar Seme da ta raba mu da Jamhuriyar Benin. Garin ba a bakin teku yake kai tsaye ba. A gabansa akwai wani kogi mai faɗi, kwantaccen ruwa, wanda ya bi gefen teku ya nufi Porto-Novo. A ƙetarensa akwai wani siririn tsibiri na rairayi da bishiyoyin kwakwa da ake kira Gberefu, sai a bayan tsibirin a tarar da teku. Wannan shimfiɗa ta ƙasa ce ta sa garin ya zama tashar cinikin bayi, domin a cikin gari ake tsare mutane, a ƙetarar da su a kwalekwale, sannan a kora su da ƙafa har gaɓar da za a kwashe su zuwa manyan jiragen Turawa. Sawun waɗannan bayin Allah mai tattaki yake bi.

Ana farawa ne daga titin Marina, inda gine-ginen tarihi suke kusa da juna, ta yadda ko yaro ɗan firamare zai zagaya su ba tare da ya gaji ba. Akwai gidan tarihin garin, wanda ke cikin tsohon ofishin jami'in mulkin mallaka da aka gina a 1863, shekarar da Badagry ta shiga hannun Ingila. Akwai kuma benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda masu rakiyar baƙi ke cewa shi ne bene na farko a Nijeriya. Bakatsinen da ya tashi yana ganin hasumiyar Gobarau sai dai ya yi murmushi idan ya ji haka, domin maginanmu sun daɗe suna ɗora soro a kan soro kafin wannan shekara. Abin da za a iya amincewa da shi shi ne yana cikin benaye na farko irin na ginin Turawa.

Inda ya fi dacewa a daɗe shi ne gidan Seriki Williams Abass, mutumin da aka taɓa kama shi bawa aka kai shi Barazil, ya dawo ya shiga cinikin da aka yi da shi, ya kuma rasu a 1919. A gidan akwai ɗakunan tsare bayi, ƙanana ƙwarai, masu wata 'yar taga guda a can sama. Ana nuna mari da sarƙoƙin wuya, masu rakiya kuma sukan miƙa wa baƙo ya ɗaga domin ya ji nauyinsu da hannunsa. A nan uba ne zai auna 'ya'yansa: wanda ya kai shekara 10 zai fahimta, har ya yi tambayoyi masu ma'ana, amma ƙaramin yaro gara ya tsaya a tsakar gida tare da mahaifiyarsa.

Kada mai kallo ya ɗauka cewa wannan tarihin mutanen kudu ne kawai. A farkon ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 da kuma rugujewar daular Oyo sun sa an gangaro da kamammu da yawa daga arewa zuwa tashoshin wannan gaɓa, cikinsu har da Hausawa, kuma da dama daga cikinsu a Bahia ta ƙasar Barazil suka ƙare. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salvador na Bahia, yawancinsu Yarabawa, tare da wasu Hausawa, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu rubuce da harufan Larabci. Ingila ta haramta wa mutanenta wannan ciniki tun 1807, amma jigila zuwa Barazil ba ta tsaya ba sai wajen 1850. Haka kuma Baturen nan mai yawon binciken ƙasa, Clapperton, wanda ya ratsa Katsina a 1824 kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, daga Badagry ya taso a Disambar 1825 a tafiyarsa ta biyu, wadda ya rasu a cikinta a Sakkwato a 1827.

Daga Marina sai a shiga kwalekwale mai inji, kuma ƙetarewar ba ta wuce 'yan mintoci. Kada a yarda a shiga sai an ba kowa rigar kariya, musamman yara. A Gberefu hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, sai dai rairayi ne mai cin ƙafa kuma inuwa kaɗan ce, don haka iyali mai yara ya ƙiyasta kamar rabin sa'a, ya riƙe ruwan sha wadatacce. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya wadda mutanen wurin ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta domin su manta da gida. Wannan labarin baka ne, kuma haka ya kamata a faɗa wa yara.

Tun kafin a hango teku ake jin rugugin igiyarsa. Wurin da hanyar ta ƙare shi ake kira inda ba a dawowa, kuma nan ne wanda ya taso nesa da teku ya fi bukatar gargaɗi. Wanda ya saba da ruwan dam ɗin Ajiwa ko na Zobe kada ya auna teku da su, domin igiyar wannan gaɓa tana da ƙarfi, kuma idan ta bugi gaɓa za ta koma, takan tattaru a wani siririn wuri ta ja duk abin da ta samu zuwa ciki, har gwanin iyo ma takan rinjaye shi. Ban da haka, ruwan teku yana cika yana janyewa kusan sau biyu a kowace rana saboda jan da wata ke yi masa, shi ya sa inda aka ajiye takalma a busasshen rairayi zai iya zama cikin ruwa bayan sa'a guda. Yara su tsaya inda ruwa ke lasar idon sawu, hannunsu cikin na babba, kuma kada kowa ya juya wa teku baya domin ɗaukar hoto.

Ruwan gishiri ne, ba a shan sa, amma mai tsarki ne mai tsarkakewa, saboda haka idan azahar ta riski iyali a can, alwala da shi ta halatta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin damina a Legas tana da nauyi, musamman a watan Yuni. A isa Badagry da hantsi, a ƙetara Gberefu kafin rana ta take, a kuma dawo cikin gari kafin la'asar, saboda babbar hanyar komawa Legas tana cunkushewa da yamma.