Cire tamostat da lambobin da kwamfutar mota ke badawa: laccar da aka yi wa kanikawa

Assalamu alaikum warahmatullah. Manyanmu ogogi da ke zaune a gaba ina gaishe ku da girmamawa, ƙannena yaran gareji da ke tsaye can baya ku matso kusa don maganar yau taku ce fiye da ta kowa, ku ne ake miƙa wa sufana a ce je ka cire.

Abin da zan yi magana a kai ɗan ƙaramin ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, wato tamostat, ƙofar da ke tare ruwan injin kar ya je lagireto sai ya yi zafi. Duk wanda ke nan ya sani, mota ta sauko daga Kwatano ko Legas, ko lamba ba a sa mata ba, abu na farko da za a faɗa wa mai ita shi ne Alhaji a cire mata tamostat, wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu. Haka muka taso muka tarar, kuma waɗanda suka koya mana ba da mugunta suka yi ba, a motocin kafireto na da in ka cire ba wani abu da zai yi maka ƙorafi. To amma Land Cruiser ɗin da ke shigo mana gareji yanzu, ko da ta shekara talatin, sau da yawa akwai kwamfuta a cikinta, kuma kwamfutar nan da zafin ruwa take lissafin man da za ta ba injin.

Ku tsaya ku ji yadda abin yake aiki. A cikin tamostat akwai wani kakin da aka rufe, in ruwa ya yi zafi kakin ya narke ya kumbura sai ya tura ƙofar ta buɗe. Na Toyota yawanci za ka ga an buga 82 a jikinsa, ma'ana yana fara buɗewa wajen digiri 82, kafin ruwa ya kai 95 ya gama buɗewa. To ina tambayarku, a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafin gari nawa yake kaiwa? Arba'in da wani abu. Shi kuma injin yana son zama a tamanin da wani abu zuwa casa'in. Kun ga ashe ko a tsakiyar bazara garinmu sanyi ne a wajen injin, balle a ce asubar hunturu a Jos ko Kano.

Akwai wata Land Cruiser mai V8, injin 2UZ mai lita 4.7, irin wadda aka fara yi a 1998, da wani dattijo ya kawo min, da ita yake shiga gona ta hanyar burji da yashi. Ya ce ɗana wutar cek injin ta ƙi mutuwa, mai kuma kamar ana zubarwa a ƙasa, an sauya min filogi an wanke nozul an share lambar matsalar da kwamfuta ta bayar sau uku tana dawowa. Na ce Baba bari mu gani. Na jona sikana, na'urar da ke karanta kwamfutar mota, ta ba ni P0128. Wannan lambar abin da take cewa shi ne ruwan injin ya kasa kaiwa zafin da ya kamata cikin lokacin da kwamfuta ta ɗiba masa. Ban taɓa komai ba tukuna, na bar sikanar a jone na buɗe shafin da ke nuna zafin ruwa kai tsaye muka hau titi, muka yi tafiya mai nisa ruwa yana yawo a sittin da wani abu, da mun sha kwana iska ta bugi lagireto sai ya ƙara sauka. Da muka dawo ta huce na kwance gidan tamostat ɗin, wayam, sai tsatsa ja da ta manne a bakin da ragowar gam da aka shafa aka ɗaure.

Injin da ke yawo a sittin, kwamfuta gani take yanzu aka tada shi, sai ta yi ta ƙara masa fetur tana ɗaga sulo. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, filogi ya yi baƙi, salansa tana wari, ragowar kuma ya je ya dafa indomin da ke cikin salansa, wato matatar hayaƙi. Ku zaro sandar baƙin man irin wannan motar ku shinshina, warin fetur za ku ji. Wallahi abin yana min ciwo, mutum ya amince mana da dukiyarsa, muna ganin mun taimake shi alhali ringi muke cinye masa a hankali.

Sai wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A injinan Toyota da dama tamostat ɗin yana da wani faifai na biyu a gindinsa. Lokacin da injin ke sanyi ruwa yana zagayawa ta wata gajeriyar hanya a cikin injin ba tare da ya je lagireto ba, in tamostat ya buɗe sai faifan nan ya toshe gajeriyar hanyar ya tilasta wa ruwan bi ta lagireto. To in ka cire shi gaba ɗaya wa zai toshe? Babu. Ruwa kuma hanya mai sauƙi yake bi. Shi ya sa za ka ga mota ba tamostat, a kan kwalta tana sanyi, amma ta shiga yashi a ƙaramar giya da kaya a bayanta da AC a kunne sai ta tafasa. Haka nan wanda ya sayo tamostat marar faifan don kawai ya shiga ramin, ko wanda ya fasa cikinsa ya bar zoben, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Yanzu maganar lambobi. Lamba ba ta ce maka sayi kaza ba, unguwa take nuna maka, kai za ka nemo gidan. P0115 matsalar layin sensar zafin ruwa ce. P0117 da P0118 su ma layin ne, ɗaya waya ta haɗe ɗaya ta yanke ko soket ya saki, in sikana ta nuna maka digiri 40 ƙasa da sifili a garin Kano ka san waya ce ta tsinke, ka kira rewaya kawai. P0116 kuwa sensar na magana amma maganar ba ta shiga hankali. Wadda nake so ku kiyaye ita ce P0125, domin a tsofaffin Toyota sunanta yana nuna zafin ruwa amma sau da yawa sensar oksijin ta jikin salansa ce ta mutu. In ka ga ruwa ya kai tamanin da wani abu lafiya lau kuma P0125 tana dawowa, bar tamostat ya huta, leƙa ƙarƙashin mota.

Masu tsohuwar Land Cruiser 80 mai injin 1FZ, wadda aka yi kafin 1996 ko wadda ba ta Amurka ba, sau da yawa sikanar kasuwa ba ta karanta ta. Ba damuwa. Nemi ɗan akwatin da aka rubuta DIAGNOSIS a gidan injin, ɗauki guntuwar waya ka haɗa TE1 da E1, ka murɗa makulli ba tare da ka tada mota ba, wutar cek injin za ta fara ƙiftawa. Ƙiftawa biyu, ta ɗan tsaya, ta sake biyu, 22 kenan, sensar zafin ruwa. In 21 ce ta oksijin ce. Kuma ku sani a wannan motar sensa biyu ce, mai waya ɗaya ta allurar gaban direba ce, mai waya biyu ita ce ta kwamfuta, kar a sauya wadda ba ta yi laifi ba. Ita allurar ma kar ku dogara da ita sosai, tana zama a tsakiya ne daga zafi mai kyau har zuwa zafin da ya fara yawa, kafin ta motsa sama aiki ya kusa lalacewa, kuma 1FZ kun san in ya yi zafi ba ya jinkirin ƙona gasket ɗin top.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Tukunya da ruwa da risho da ma'aunin zafi. Rataya tamostat ɗin da zare kar ya taɓa gindin tukunya, ka zuba ido ka ga a digiri nawa ya fara buɗe baki, ko sabo ne dal daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka gwada shi kafin ka ɗaura. Sensa kuma sa mata mita, a digiri 20 za ta ba ka om dubu biyu zuwa uku, a 80 ta sauko wajen ɗari uku. Wajen ɗaurawa akwai ɗan rami mai ƙaramin ƙarfe da ke karkaɗawa a gefen tamostat, wannan sama zai kalla don iska ta fita.

Na ji oga yana cewa to in mota tana zafi fa? Gaskiya ne ranka ya daɗe, tana yi. Ita motar Baban nan da muka mayar mata da tamostat sai ainihin ciwon da ya sa aka cire shi tun farko ya fito fili, kulocin fanka ya mutu, mota da zafi amma ka kaɗa fankar da hannu bayan an kashe sai ta yi ta juyawa kamar ba a ɗaure take ba, lagireto kuma rabinsa ya toshe da gishirin ruwan rijiya, murfin ma robarsa ta tsage ba ya riƙe matsi. Muka sauya kuloci da murfi, aka wanke lagireto, muka zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji, na gaske, ruwa ya tsaya a tamanin da wani abu ko cikin yashi, lambar ba ta sake dawowa ba.

To ga shi an kira la'asar. Bayan sallah mu haɗu gindin farar motar can da aka buɗe wa bonet, na sa an ɗora tukunya, duk mai mita ya taho da ita, yara ku fara zuwa gaba.