Darasi: fonksiyon mai maido tebur ta ƙi aiki a PostgreSQL

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Daga nan Tawa nake muku magana. Wuta ta dawo yanzun nan, bari mu yi sauri.

Ku dubi allo. Na rubuta fonksiyon mai suna buhuna_ta_kasuwa. Ka ba ta lambar wata, ta maido maka tebur: sunan kasuwa da yawan buhunan albasar da aka sauke a Galmi, Madawa, Kwanni. A sama na sa RETURNS TABLE, kasuwa text, adadi integer. Ta shiga rumbun bayanai lafiya lau. Kada wannan ya ruɗe ku, domin PL/pgSQL, harshen da na rubuta ta da shi, nahawun rubutu kawai yake dubawa lokacin ajiya. Sauran bincike sai ran da aka kira ta.

To ga shi na kira. Kun gani? Kuskure mai lamba 42804. Yawancinmu layin farko muke karantawa mu kama kai. Sauka ƙasa, ɗan uwa, layin DETAIL, can maganar take. Yana cewa kolon ta biyu, wato adadi, bigint ce ta fito, irin lamba mai ɗaukar manyan adadi fiye da integer, alhali integer ka yi alkawari. Daga ina bigint? Daga sum da na yi. Ko ƙananan lambobi ka tara, sum na integer bigint yake bayarwa, count ma haka. Gyara biyu ne: ko ka ƙara ::integer bayan sum ɗin, ko ka mai da adadi bigint a sama. Ni na biyun na fi so, amma CREATE OR REPLACE ba ya yarda a canza irin abin da fonksiyon ke maidowa, dole sai ka yi DROP FUNCTION tukuna. Idan kolon ɗinka varchar ce ka rubuta text, kuskuren nan dai zai tare ka.

Akwai wani kuskuren kuma da ya tare ni tun kafin wannan, 42702. Wannan rikicin takwara ne. Akwai kasuwa a tebur, akwai kasuwa a RETURNS TABLE, bai san wacce nake nufi ba. Na ba teburin laƙabi s, na rubuta s.kasuwa. Ya wuce.

Wanda ya taɓa cinye mini yini guda shi ne 42883, wai babu fonksiyon ɗin, ga ta kuwa ina kallonta. PostgreSQL da suna da irin abin da ka miƙa yake nemanta. Na ciro lambar wata da extract, shi kuwa tun PostgreSQL 14 numeric yake bayarwa, ita integer take jira. Na liƙa ::integer, ta amsa. In ba nan matsalar take ba, duba search_path, jerin shemomin da PostgreSQL ke dubawa, wataƙila a wata shema, wato wani sashe na rumbun, ka ajiye ta.

Wajen kira kuma, SELECT tauraro (*) FROM za ku rubuta kafin sunanta. In ka bar FROM, duk layin a cunkushe zai fito cikin kolon ɗaya. Bari in danna... yawwa, ga Galmi nan a sama, kolon biyu, kowace a wurinta.