Hira daga bakin tashar bas, bayan aikin dare

Salamu alaikum mutanen Maradi. Ku can kuna alwalar azahar, ni nan Montireyal ƙarfe 7 da rabi na safe ne, yanzu na sauka daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Ku yi haƙuri da rawar kyamara, sanyi ne ya kama mini yatsu.

Saƙonninku sun cika mini waya, kowa tambayarsa ɗaya: wai da gaske ne Kanada na neman masu kula da tsofaffi? Gaskiya ne. A nan lardin Kebek, cikin mutum 5 ɗaya ya kai shekara 65 ko ya wuce. Mu kuwa a Nijar kusan rabinmu ba su kai 15 ba. Asirin ya tonu a 2020, lokacin korona, da tsofaffi suka yi ta mutuwa a gidajen kula da su da ake kira CHSLD, ma'aikata suka yi ƙaranci har sai da aka turo sojoji su kama. Daga nan firimiyan lardin na lokacin, François Legault, ya ce yana neman mutum 10,000, a koya musu aikin cikin wata 3, ana ba su dala 760 kowane mako, in sun gama albashi dala 49,000 a shekara. Dalar Kanada fa, ba dalar da muke sayen ƙuli da ita a Bagalam ba.

To ɗaukar mutane ba ita ce wahalar ba, riƙe su ne. Daren jiya mu biyu ne a ɓangarenmu, ta ukun ba ta zo ba, ciwon baya ya kwantar da ita. Ka juya wanda ba ya iya juyawa don kada jikinsa ya yi gyambo, ka canza masa shimfiɗa, ka wanke masa kashi da fitsari, ka ba shi ruwa cokali-cokali. Akwai wata tsohuwa da ta manta sunan ƴaƴanta, amma in ba a taje mata gashi ba ba ta barci. Wannan tajewar babu ita a takardar aiki. Ni dai a ganina, in za su ƙara hannu a kowane dare su bar tilasta wa mutum ƙarin awanni, da waɗanda suka gudu sun dawo da ƙafarsu.

Masu ce muku ku kawo jika ɗari biyar su samo muku biza, don Allah ku riƙe kuɗinku.

Abin da ke hana ni barci shi ne Inna. Tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, matar Yaya ce ke yi mata duk abin da nake yi wa iyayen wasu a nan, ga goyo a baya, ga tukunya a wuta, ba albashi, ba ranar hutu. Mu da muka watse, wani Agadas wajen zinariya, wani Kano, ni nan, sai mu aika kuɗin magani mu ce mun sauke nauyi. Wannan watan na ware mata nata daban. Yaya ya ce ai kunya ce a biya mace don ta kula da surukarta. Na ce Yaya, ni da me kake tsammani nake ci?

Ga bas ɗina nan ta iso. Ku gaida mini Inna, ku ce in na tashi barci zan kira.