Kveik: Yis ɗin da Manoman Norway Suka Gada Kaka da Kakanni

Assalamu alaikum. Malamaina da ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma. Na ga wasu sun ɗan yamutsa fuska da suka ji za a yi maganar giya. Hukuncinta a addininmu sananne ne, ba kuma shi ya kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne ƙwayar halittar da ke tsima ta, wato yis, wanda shi ne dai ke kumbura mana burodi da fanke.

A shekarar 1883, wani masani mai suna Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Denmark, ya ware ƙwayar yis guda ɗaya tak, ya raine ta ita kaɗai. Masana'antu suka rungumi wannan hanya, domin kayan yau sai ya fito daidai da na jiya. To amma da aka kama iri ɗaya, sai aka yi watsi da sauran.

Manoman yammacin Norway, a Voss da Hornindal, ba su yi watsi da nasu ba. Suna kiransa kveik. Manomi zai jiƙa tsiron sha'ir da ruwan da aka dafa da rassan wata bishiya mai ƙamshi, juniper. In an gama tsimi, sai ya tsoma wani zoben katako ko guntun itace mai ramuka a cikin kumfar, ya rataye ya bushe. Wata da watanni yis na nan a bushe, ana tsoma shi a sabon ruwa ya farka. Wanda nasa ya lalace, maƙwabci zai sam masa, kamar dai yadda muke roƙon irin gero.

Ku saurari wannan da kyau, don nan ne abin ya fi burge ni. Yis ɗin masana'anta ya fi son sanyi, kusan digiri 20 ko ƙasa da haka. Shi kuwa kveik, a digiri 35 zuwa 40 yake aikinsa, cikin kwana biyu ko uku ya gama. Ƙasar ƙanƙara ce ta adana yis mai jure zafi irin na bazararmu! Wani ɗan ƙasar, Lars Marius Garshol, shi ya bi ƙauyukan nan tun daga 2014 yana tattarawa, a 2018 kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa kveik dangi ne na daban.

Mu ma a nan, matan da ke dafa burkutu da dawa sukan rage na jiya su tayar da na yau, haka mai dama nono take yi da kindirmo. Damuwata ita ce ƙwaryar nan da aka gada tana fashewa, roba na maye gurbinta, ƙwayoyin da ke ciki suna tafiya ba mu ma san su ba. Ku ’yan aji huɗu da ke neman abin da za ku yi bincike a kai, ɗakin gwajinmu a buɗe yake, kuma kwalaben ɗibar samfur suna ofishina.