'Yan matan Boswell da abin da suka yi wa jaz a faifan minti uku

Jama'a barkanmu da warhaka, yau za mu leƙa Amurka ne wajen shekarun 1920 zuwa 1930 da 'yan kai, lokacin da kiɗan jaz ke tashe, mu ga wasu mata da suke haɗa murya su uku su rera waƙa ɗaya.

Bari in fara fayyace salon tukuna. Mu dai mun saba da mai bayarwa da 'yan amshi, ɗaya ya ja baiti saura su karɓa. To a nan babu haka, duka ukun tare suke tafiya, ɗaya muryarta a sama ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙasa, amma tazarar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce sosai, har kunne ya rasa gane wa ke ina. Shi ya sa da yawa daga cikin masu yin sa 'yan uwan juna ne uwa ɗaya uba ɗaya, don kalar muryar da yadda ake furta kalma duk na gida ɗaya ne. Akwai 'yan matan Brox da suka yi suna a dandalin wasan kwaikwayo na Broadway da ke New York tun farkon shekarun 1920, akwai 'yan matan Pickens daga jihar Jojiya, amma ni a wajena gaskiya babu kamar 'yan matan Boswell.

Su uku ne, Martha da Connie da autarsu Helvetia wadda ake ce wa Vet, a birnin New Orleans suka tashi, can inda jaz ɗin kansa ya yi wayo. Kuma makaɗa ne tun kafin su zama mawaƙa, an koya musu kiɗan gargajiyar Turawa tun suna yara, Martha ce kan fiyano, Connie da Vet kuma kan kayan kiɗa masu tsirkiya da ake gogawa. Sun yi faifansu na farko a 1925 da kamfanin Victor, daga baya suka koma Los Angeles suna aiki a gidan rediyo, sai da suka shiga New York suka fara ɗauka da kamfanin Brunswick a 1931 ne duniya ta san da su.

Yanzu ku duba yanayin ɗaukar. Faifan garmaho ne mai juyi 78 a minti, kowane gefe bai wuce minti uku da ɗan wani abu ba, kuma kai tsaye ake yanka sautin a kan kakin zuma, babu wani a yanke nan a liƙa can, in ɗaya ta kuskure sai dai a sake daga farko. A cikin wannan ɗan lokacin ne suke ɗaukar waƙar da kowa ya sani su wargaza ta su sake gina ta, su fara a hankali kamar ta makoki, can sai ka ji sun zabura da gudu, su sauya ma'aunin sautin gaba ɗaya, su koma wasa da baki ba kalmomi kamar ƙahon busa, har musayar gurbi suke a tsakiyar baiti, ta sama ta sauko ta ƙasa ta hau ba tare da ka lura ba. Wallahi in ka ji sai ka maimaita. Su da kansu suke tsara abinsu, manyan makaɗa irin su Tommy da Jimmy Dorsey da Joe Venuti da Eddie Lang suna bin su a baya. Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba fa, wasu masu sauraro da masu haƙƙin waƙoƙin sun yi ta ƙorafin wai ana ɓata musu waƙa.

Connie ba ta iya tafiya tun tana ƙarama, a keken guragu take, shi ya sa a hotunansu za ku gan ta zaune kusa da Martha a bakin fiyano Vet tana tsaye a bayansu. Turawa ne su, amma da yawan masu jin su a rediyo sun ɗauka baƙaƙen fata ne, don a kiɗan baƙaƙen New Orleans suka buɗe kunne, ita Connie ma ta sha faɗin cewa ta koya daga faya-fayan Mamie Smith, wata mawaƙiya baƙar fata.

Sun je Landan sun yi wasa a 1933 da 1935, sai a 1936 tafiyar ta tsaya bayan aure ya zo, Martha da Vet suka bar harkar, Connie ta ci gaba ita kaɗai har ta rasu a 1976. 'Yan matan Andrews, su ma 'yan uwa uku mawaƙa, da suka mamaye zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da kwaikwayon su suka fara, shahararriyar mawaƙiyar jaz Ella Fitzgerald kuwa da bakinta ta ce muryar Connie take bi tana yarinya, daga faifan da mahaifiyarta ta kawo gida.