Turke, zane da rajista: abin da ke tabbatar da fili, daga Ohayo zuwa Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena da ƙannena na Sakkwato da kewaye, barkanmu da sake haɗuwa. Ina yi muku magana ne daga jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, inda nake aiki tare da ma'aikatan safiyo. Abin da ya sa na keɓe shirin yau ga awon ƙasa da takardun fili shi ne yawan saƙonnin da ke zuwa mini daga gida, galibi daga mutanen da suka riga suka biya kuɗin fegi a Arkilla ko Mabera ko wajen Kwannawa, sannan suka ɗauki hoton takardar da aka miƙa musu suka turo suna tambaya ko ta wadatar. Mafi yawansu takardar ciniki ce kawai, mai ɗauke da sa hannun mai sayarwa da dillali da shaidu, wani lokaci da hatimin mai unguwa. Takarda ce mai amfani, domin tana nuna cewa an yi ciniki kuma kuɗi sun shiga hannu, amma ba ta faɗin inda filin yake ta yadda baƙo zai je ya same shi bayan shekara 30, kuma ba ta cikin kundin gwamnati.

Bari in sunkuyar da kyamara ku ga abin da ke gefen ƙafata. Wannan da kuke gani kan rodi ne da aka kafa cikin ƙasa har ya kusa nutsewa, an sa masa 'yar hular roba, kuma a jikin hular an rubuta lambar lasisin ma'auni, wato mai safiyo, wanda ya kafa shi. Ciyawa ta rufe shi, sai da na'urar gano ƙarfe muka same shi, muka kankare ƙasar da ke kansa. A nan gonar mutum ɗaya ta ƙare, ta maƙwabcinsa ta fara. A shari'ar ƙasar nan, idan alƙaluman da ke kan takarda suka saɓa da turken asali da aka samu a inda aka kafa shi tun farko, yawanci turken ake bi, domin shi ne abin da masu filin suka gani da idonsu ranar da aka yi awon.

Wannan jiha tana da tarihi na musamman a sha'anin awo. A shekarar 1785 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ce a auna filayen gwamnati kafin a sayar da su, kuma a gabashin Ohayo aka fara, a bakin kogin Ohayo inda jihar ta yi iyaka da Fensilbaniya, ƙarƙashin jagorancin Thomas Hutchins. Tsarin shi ne a ja layi ɗaya daga kudu zuwa arewa, a ja wani daga gabas zuwa yamma, sannan a yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace mil 6 tsawo mil 6 faɗi, a kuma raba kowace gunduma kashi 36, kowane kashi mil ɗaya ta kowane gefe, wato eka 640. Kwatar wannan kashi, eka 160, ita ce aka riƙa ba mai son noma a ƙarƙashin dokar 1862. An kafa ofishin filayen gwamnati a 1812, aka haɗe shi da wata hukuma a 1946, kuma har yau ana iya duba takardunsa na farko a intanet. Wajibi ne in faɗa cewa ƙasar da aka yanka ɗin nan tana da masu ita, 'yan asalin nahiyar, waɗanda aka kora daga cikinta, don haka kyawun awo bai wanke zaluncin da aka yi wajen samun ƙasar ba.

Sai dai ba duk Ohayo aka auna haka ba. Akwai yanki tsakanin kogin Sayoto da ƙaramin kogin Mayami da aka ware wa tsofaffin sojojin jihar Bajiniya, kuma a can an bi tsohuwar hanya ce ta kwatance: daga wannan itace zuwa wancan dutse, daga dutsen zuwa bakin rafi. Itatuwa suka mutu, rafuka suka sauya hanya, filaye suka hau kan juna, jikoki suka gaji shari'a. Wannan yanki shi ya fi tuna mini da gida, domin haka muka taso muka ga iyakokin gonakinmu a Wamakko da Kware da Dange: layin gamba, ko aduwa, ko tsohuwar kuka, ko suri, sai kuma abin da dattawa suka riƙe a ka. Ba na raina wannan tsari, domin ya riƙe jama'a shekaru aru-aru, kuma malamanmu ba su bar batun ƙasa sakaka ba, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi rubutu a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a mataccen fili, wato wanda ba shi da mai shi kuma ba a raya shi ba. Amma tsari ne da ya dogara ga mutanen da suka san juna. Ranar da gona ta koma fegi-fegi, aka sare aduwar, aka ƙone gambar, dattijon da ya san iyaka ya riga mu gidan gaskiya, masu saye kuma suka zo daga garuruwa dabam-dabam, to babu sauran abin da ke riƙe da iyakar. A fadamun Rima ma ruwa kaɗai ya isa ya shafe alama, kuma wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san haka.

Yanzu ga zanen awo na wani filin gidanmu da Yaya ya turo mini, na rufe sunaye da lambobi. Ku dubi kusurwoyin nan huɗu. Kowace tana da ɗan da'ira da lamba a gefenta, kuma lambar nan ita ce ya kamata a samu a jikin turken siminti da ke kafe a filin. Idan ka je ka tarar da turke babu lamba, ko lambarsa ta saɓa da ta zane, ka dakata da biyan kuɗi. Tsakanin turke da turke akwai alƙaluma iri biyu. Na farko tsawo ne da mita. Na biyu fuska ce, wato inda layin ya dosa, ana ƙirga ta da digiri daga arewa a kewayo ta hannun dama, gabas 90, kudu 180, yamma 270, har a dawo 360. Mutane kan duba tsawo su ƙyale fuska, alhali kuskuren digiri ɗaya tak a layi mai tsawon mita 100 yana karkatar da ƙarshensa da kusan mita ɗaya da kwata uku, kuma wannan ya isa katangarka ta shiga gidan maƙwabci. A sama akwai kibiyar arewa da sikelin zanen, a tsakiya girman filin, a ƙasa kuma sunan ma'aunin da sa hannunsa da hatiminsa da ranar aikin. A Nijeriya majalisar SURCON, wadda aka kafa da dokar 1989, ita ke yi wa masu safiyo rajista, kuma zanen da wanda ba shi da rajista ya sa wa hannu ba shi da ƙarfi a ofishin filaye. Bayan haka ana kai kwafin zanen ofishin Safiyo-Janar na jiha a ajiye, kuma a can ne ake ɗora shi a kan taswirar gari a ga ko ya hau filin wani, ko hanya, ko wurin da gwamnati ta riga ta karɓa.

Girman fili ma yana bukatar natsuwa. Fegin da muke kira hamsin da ɗari, ƙafa 50 ne faɗi ƙafa 100 tsawo, wato kimanin murabba'in mita 465, ɗari da ɗari kuma kimanin 929. Ƙafar awo santimita 30.48 ce, ba takun dillali ba ce, domin taku yana bin tsawon mai tafiya. Eka murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuwa 10,000, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Tun da mutane kan ce kadada suna nufin wannan ko waccan, duk wanda zai sayi gona ya sa a rubuta girmanta da mita a takarda.

Akwai wani abu a ƙasan zanen da ba kowa ke lura da shi ba, kuma shi ne ya fi ruɗa 'yan'uwanmu mazauna waje. An rubuta tushen awon, wato ma'aunin da aka gina alƙaluman a kansa. Tsofaffin awon Nijeriya da yawancin zanen filaye sun dogara ne ga tushen Minna, wanda aka kafa a kan wani turke da ke kusa da garin Minna, ita kuwa wayar hannu tana aiki da tsarin duniya na WGS 84. Idan aka ɗauki alƙaluman wannan aka zuba a wancan ba tare da an juya su ba, wurin zai goce da gomman mitoci. Saboda haka idan ƙanenka ya tsaya a fili ya turo maka alama ta WhatsApp, ya nuna maka unguwar ce kawai, bai nuna maka iyaka ba, balle kuma wayar kanta tana da nata kuskuren na 'yan mitoci.

To, zane yana faɗin inda fili yake da girmansa, amma ba ya faɗin mai shi. Wannan aikin doka ne da rajista. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun yi shela a 1910 da ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta tsarin da dokar 1962, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka yi a mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, ta ɗauki mafi yawan wannan tsari ta shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. A ƙarƙashinta ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa kuwa haƙƙin zama da amfani ne. Gwamna ke bayar da shi a cikin birni, ƙaramar hukuma kuma a karkara, inda ba za ta wuce hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da yardarsa. Takardar shaidar mallaka da ake kira C of O shaida ce ta wannan haƙƙi, yawanci na shekara 99 idan gidan zama ne, kuma tana tafe da harajin fili da sharuɗɗan gini. Uban ƙasa da hakimi da mai unguwa suna da muhimmanci ƙwarai, domin su suka san tarihin wuri da wanda ya gada da wanda ya ara, kuma ina shawartar kowa ya fara da su, amma hatiminsu ba ya maye gurbin wannan takarda.

Ita ma takardar ba ta rufe kowace ƙofa. Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, cewa takardar shaidar mallaka ba ta ba mutum filin da wani ya riga shi samun haƙƙi a kansa. Haka kuma sashe na 22 na dokar 1978 ya ce wanda ke riƙe da haƙƙin da Gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar Gwamna, kuma shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 ta nuna cewa jinginar da aka yi ba da wannan amincewa ba tana iya rushewa. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, idan aka miƙa maka takarda mai sunan wani, ciniki bai kammala ba sai an rubuta takardar sauya mallaka, an nemi amincewa, an biya kuɗin hatimi, an shigar da ita rajista. Kafin duk wannan a fara yin bincike a Ma'aikatar Filaye ko hukumar SOGIS, mai adana bayanan filayen jihar Sakkwato, a ga sunan wa ke cikin fayil, a ga ko an jinginar da filin a banki, ko an soke takardar. Na san mutane na gudun wahalar ofis da kuɗin da ake kashewa, kuma ina ganin haƙƙi ne a kan gwamnati ta sauƙaƙa wannan aiki har talaka ya iya yin sa, domin tsada da jinkiri su ke tura jama'a ga ciniki na bayan fage.

Filin awon igiya shi ya fi bukatar hattara. Mai gona ya kira masu igiya su yanka masa ita, ba tare da tsarin da hukumar tsara birni ta amince da shi ba, a matse hanya don fegi ya ƙaru, a manta da magudanar ruwa da makaranta da maƙabarta, wani lokaci a haɗa da burtali ko hurumin gari. Yana da araha, shi ya sa ake rububinsa, kuma unguwanni da yawa haka suka kafu. Amma sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙi saboda bukatar jama'a, diyyar da doka ta tanada kuma ta gini ce da amfanin gona da sauran abin da aka raya a wurin, ba ta ƙasar kanta ba, don haka wanda ya sayi fegi ya bar shi fayau yana jiran ya yi daraja yana iya tashi ba shi da abin nema. Game da masu tuge turke da dare su matsar da shi kuwa, laifi ne a dokar ƙasa, kuma ya tabbata a hadisi cewa Allah ya la'anci wanda ya sauya alamar ƙasa.

Saura batun gado, wanda shi ne asalin yawancin filayenmu. Idan alƙali ko malamai suka raba gona, a karɓi takardar rabon daga kotu, sannan a kira ma'auni mai rajista a gaban magada duka da maƙwabtan gonar ta kowace fuska, a kafa wa kowane kaso turakunsa, a yi masa zanensa dabam da sunan mai shi. A tabbata kason mata da na marayu ya samu nasa zanen a wannan rana, kada a bar shi cikin na babban wa da sunan riƙo. Wanda yake waje kamar ni ya rubuta takardar wakilci ga wanda zai tsaya masa, ya fayyace cewa wakilcin na halartar awo ne da karɓar takardu, ya rubuta ƙarara ko ya haɗa da sayarwa ko bai haɗa ba, ya kuma nemi a ɗauko masa hoton kowane turke da lambarsa a fili, ya gwada ta da lambar da ke kan zane kafin ya sa hannu. Wassalamu alaikum.